Wa Ya Kai Ƙarar Inna Azumi?

Shekara talatin da ɗaya Inna Azumi tana karɓar haihuwa a Dandamisa da ƙauyukan da ke kewaye, sai ga shi ranar wata Alhamis an kira ta ofis a Makarfi an ce ta ajiye jaka.

Malam Salman ne ya faɗa mata, jami'in ƙungiyar da ke yi wa ungozomomi rajista, tana ba su kati da jakar aiki. Sai da ya gaishe ta sau biyu, ya tambayi damina, ya tambayi rake, kafin ya fito da maganar. An shigar da ƙara ta shafin ƙungiya na intanet. An ce idonta ya tafi, da lalube take yanke cibiya. Har sai an bincika, babu kati, babu jaka, kuma in ta raka mai naƙuda asibiti iyakarta bakin ƙofa.

"Wa ya rubuta?"

"Babu suna, Inna."

"Babu suna? To aljani ne? Kai Salmanu, ɗanka na fari a hannun wa ya faɗo? Lokacin ba ka ce a duba idona ba, kana waje kana zufa kamar an tsamo ka a rijiya!"

Ta zauna daɓas a ƙasa tsakiyar ofis, ta ce ko gawarta ba za ta fita ba sai an ba ta takardar. Da ya ga azahar ta yi tana nan, ma'aikata suna tsallake ƙafafunta, sai ya buga mata ita a na'ura ya miƙa. Ba ta san ko baƙi ɗaya a ciki ba. Ta ninke ta huɗu ta soke a ƙugu.

A ranta ta riga ta yanke hukunci. Sista Veronica ce, nas ɗin ƙaramin asibitin Dandamisa, wadda kullum take mita wai ungozomomi ba sa kawo mata da wuri. Washegari aka yi suna a unguwa, Veronica ta zo da sabulunta na barka, Inna Azumi ta tare ta gaban mata ta wanke ta tas. Ta kira ta munafuka, ta kira ta mai cin amanar gishiri. Veronica ta ajiye sabulun ta dube ta.

"Mama, ban taɓa kai ƙararki ba. In zan faɗa, a gabanki zan faɗa. Ba ni takardar in gani."

Inna Azumi ta cilla mata. Veronica ta duba har ƙasa, ta ɗora yatsa a kan wasu lambobi.

"Kin ga wannan? Ki kai wa Serah mai shagon kwamfuta a tashar Makarfi. Ƙila ta gane inda aka aiko ta. In ta nuna asibitinmu, ki kai ni kotu."

"Zan kai ki kuwa. Har gaban alƙali, da farin kayanki."

Washegari da sassafe Inna Azumi ta hau mota. Shagon Serah ɗan ƙuƙut ne, janareta na ruri a baya, ɗalibai biyu suna jiran a buga musu takardu. Inna Azumi ta yi tuntuɓe da dakalin ƙofa, ta zagi maginin da ya yi shi, sannan ta yi sallama. Serah mace ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau rataye a wuya. Ta ba ta kujera, suka gaisa, ta tambayi mutanen gida.

"Mutanen gida suna nan. Mutunci ne babu. Karanta mini wannan tukuna, kada ki tsallake ko ɗigo."

Serah ta karanta. Mai ƙarar ya ce ranar da Mukarrama matar Mamuda ta haihu, reza ta suɓuce ta faɗi a gaban ungozoma a kan farin zane, da rana tsaka, ta yi ta shafa ƙasa tana nema har sai da aka miƙa mata. Ya ce ta ɗaure cibiya daidai, amma da hannu ta gane wurin, ba da ido ba. A ƙarshe ya rubuta: tsohuwa ce mai kirki, don Allah kada a ci mutuncinta, a dai karɓi rezar.

Wannan ƙarshen ne ya fi ƙona ta.

"Mai kirki! Ka yanka ni sannan ka shafa mini mai. To nemo mini shi."

"Mama, bari in faɗa miki gaskiya tun da wuri," in ji Serah. "Duk na'urar da ta hau intanet tana hawa da lamba, kamar lambar mota. Shafin ƙungiyar ya ajiye lambar da aka shigo da ita, ga ta nan a ƙasa, da rana da lokaci. Akwai shafin da ake duba lambobin nan kyauta, ya faɗi wanda aka yi wa rajistarsu da kamfanin da ke ja musu layi. Amma in da waya aka aiko, sunan kamfanin waya kawai za mu gani, kuma mutum dubu suna iya hawa lamba ɗaya. Kin ga an yi ba a yi ba ke nan."

"Ke da Veronica cocinku ɗaya. Ya zan yi in san ba za ki rufa mata ba?"

Serah ta yi dariya. "Ki kai lambar Zariya, ki kai ta Ikara, duk wanda ya buga abu ɗaya zai gani. Ba ni na rubuta littafin ba, Mama, buɗewa kawai nake yi."

Ta sa tabarau, ta buga lambobin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa a fili. Inna Azumi ta matso da fuskarta dab da gilashin kwamfutar, ba ta ga komai ba sai farin haske. Ta ja da baya ta ce ai ita dama ba ta yi boko ba.

"Ikon Allah," in ji Serah. "Kin yi sa'a. Ba ta waya ba ce. Wani kamfanin intanet ne na Kaduna yake ja, ya yanki lambobi takwas ya ba wani ofis, an rubuta sunan ofis ɗin da garinsu."

"Asibitin Dandamisa."

"A'a. Ba ma a ƙaramar hukumarmu ba ne. Kamfanin Taskar Hatsi, Hunkuyi."

Inna Azumi ta matso da kunnenta. Janareta ya ci gaba da ruri. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi tari.

"Sake faɗa."

"Taskar Hatsi, Hunkuyi. Ranar Talata, sha ɗaya da minti goma na safe."

"Ƙarya na'urar take yi. Sake bugawa."

Serah ta sake. Ta buɗe wani shafin daban ta buga a can ma. Amsa ɗaya ce.

"Kin san wani a wurin ne, Mama?"

Ta sani. Hauwa'u, autarta, shekara huɗu ke nan tana aiki a ofishin Taskar Hatsi. Ita ce wadda Inna Azumi ta sayar da akuyoyi uku ta kai kwaleji, ita ce wadda take taƙama da ita a gidan biki, tana cewa 'yata ce ke riƙe da kwamfutar kamfani. Sai kuma ɗakin Mukarrama ya dawo mata. Ta ƙirga waɗanda suke ciki a ranar: uwar miji, maƙwabciya, da Hauwa'u da ta zo hutun ƙarshen mako ta biyo ta da jaka. Veronica ko kusa da gidan ba ta zo ba. Hannun da ya sa mata reza a tafi, hannu ne mai laushi, mai zobe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mama, tsaya," in ji Serah da sauri. "Abin nan ofis ya nuna, bai nuna mutum ba. Ko direba, ko baƙo, duk wanda aka ba lambar sirrin layin zai iya hawa. Kada ki je ki kama wanda bai ji ba bai gani ba."

"Na riga na yi wannan jiya."

Ta miƙe. A mota zuwa Hunkuyi ba ta ce wa kowa uffan ba, ita da ko kwandasta ba ya tsira daga bakinta. Tana ta juya maganar Serah: ko direba, ko baƙo. Ta riƙe ta kamar igiyar guga. Amma wane direba ne ya shiga ɗakin naƙuda?

Ana sauke buhunan masara a harabar kamfanin lokacin da ta isa. Ta ratsa tsakanin 'yan dako, ta tura ƙofar ofis ba sallama. Daga hasken rana ta faɗa cikin inuwa, ta hango mace zaune a bayan tebur, kwamfuta a gabanta.

"Ke! Ni za ki tona wa asiri? Ni da na ɗauke ki wata tara, na yanke cibiyarki da hannuna ba wanda ya taya ni? Kin rasa wanda za ki kai ƙara sai uwarki? Wane nono kika sha, na kare? Dube ni nan in ina magana! Ki ce idona ya tafi, ga shi ina kallon tsabar idonki, marar kunya!"

Matar ta miƙe a firgice, kujera ta faɗi.

"Mama, lafiya? Ni ban san ki ba."

Muryar ba ta Hauwa'u ba ce.

"Inna," aka ce a hankali daga gefenta na dama. "Ga ni nan."

Ta juya. Hauwa'u tana tsaye jikin ƙofa, kusa da ita har za ta iya taɓa ta in ta miƙa hannu. Ta gabanta ta wuce da ta shigo. Inna Azumi ta sake duban matar tebur. Taku huɗu ne tsakaninsu. Sai yanzu ta lura babu hijabi a kanta, kuma ta fi Hauwa'u tsawo nesa ba kusa ba. Fuskar kuwa, har yanzu ba ta ganin fuskar.

Hauwa'u ta ɗaga kujerar ta zaunar da ita, ta durƙusa a gabanta.

"Ni ce na rubuta, Inna."

"Na sani. Na'ura ta faɗa."

"Sau uku ina miki magana. Na farko kika ce in ji da nawa idon. Na biyu kika jefe ni da ludayi. Na uku na biya kuɗin mota zuwa asibitin ido, kika ce ba za ki je a ƙwaƙule miki ba. Ranar Mukarrama, da kika ɗaga rezar, yatsan jaririn yana ƙarƙashin cibiyar. Ni na janye shi. Ba ki gani ba."

Inna Azumi ta sunkuyar da kai. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta kawo su kusa da fuska. Ba sa rawa, ba su taɓa rawa ba. Ta mayar da su cinya.

"Yatsa?"

"Ƙaramin, na hagu."

A waje 'yan dako suna ta ihu a matsa da mota baya.

"Me ya hana ki sa sunanki?"

"Tsoron bakinki."

"To bakin ya sauka a kan Veronica gaban matan unguwa kaf. Kin ɓuya a bayan na'ura, baiwar Allah ta sha zagin da ba nata ba." Ta juya wajen tebur. "Ke kuma ya sunanki?"

"Beauty, Mama."

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Zagin duk nata ne, ki tattara ki miƙa mata."

Beauty ta yi 'yar dariya ta tsoro. Hauwa'u tana share hawaye da gefen hijabi.

"Daina kukan nan, ba ki fara ba tukuna. Gobe za ki zo Dandamisa, ki tsaya gaban matan da suka ji, ki ce ke ce. Ni ma zan tsaya in ba Veronica haƙuri, ko da zai shaƙe ni. Jibi ki kai ni Zariya wajen masu idon."

"To, Inna."

"In suka ce yanar ido ce suka cire, za ki zauna a gaban abin nan ki sake rubuta wa Salmanu, da sunanki da sunan ubanki, ya dawo mini da jakata."

"In kuma suka ce ba ya gyaruwa fa?"

Inna Azumi ta gyara zama.

"Sai in je da ƙafata in ce masa ya riƙe. Amma ni zan faɗa, ba ke ba. Tashi ki samo mini ruwa, tun safe ban sa komai a bakina ba."