Katin Kulob da Sa Hannun Farfesa Rosli

Mijina Badamasi bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, ko ta tsumma. Shi ya sa idan na ce wa mutane ya taɓa zama cikakken mamba a kulob ɗin golf a Kuala Lumpur, sai su ɗauka zolaya nake yi. Wallahi da gaske ne, kuma har da kuɗin adashina aka yi.

Shekara huɗu da rabi muka yi a hawa na sha ɗaya a wani bene a unguwar Titiwangsa, yana digirinsa na uku a kan ciyawar da shanu ke ci. Tun watan Maris ya gama rubuta kundinsa. Abu ɗaya ya rage, wato Farfesa Rosli, malamin da ke duba aikin, ya sa hannu a takarda guda a miƙa wa jami'a. Tallafin karatun da gwamnati ke ba mu zai ƙare a Disamba. In ba a sa hannu kafin nan ba, sai mu biya sabon zango daga aljihunmu, aljihun kuwa ba komai a ciki. Ni kuma rabona da mahaifiyata tun 'yata Zuhra tana goye, ga ta yanzu ana yi mata Hausa tana amsawa da Malayanci. Duk wayar da muka yi da Hajiya, tambayarta ɗaya ce, yaushe za mu dawo. Na gaji da ce mata an kusa.

Farfesa ba mugu ba ne, ba ya zama ne kawai. Kullum Badamasi ya je ofis, sakatariya ta ce yana kulob. Ya bi shi kulob ɗin, masu gadi suka ce sai mamba. Ya yi sati biyu yana tsayuwa a gindin wata bishiya a bakin ƙofa da fayil a hammata, yana ɗaga wa kowace mota mai baƙin gilashi hannu. Har wani ya sauke gilashi ya miƙa masa ringgit biyar.

Da abin ya ishe shi sai ya shiga ofishin kulob ya tambayi kuɗin zama mamba na shekara. Manajar wurin, wata mace mai tabarau da ake kira Madam Teoh, ta ce ringgit dubu biyar. Nan ne wurin da har yau in na tuna raina ke ɓaci: muna da dubu biyar ɗin cif a ajiye, kuɗin tsarabar komawa gida. Da ya biya ranar, da an wuce wurin. Amma ɗan Kano ne. Ya ce shi ba zai biya kuɗin farko da aka faɗa masa ba, ko tumatir ba a saya haka, in aka ji a gida ai sai a yi masa dariya.

Sai ya ɗauko Malam Datti. Malam Datti dattijo ne da ya shekara ashirin yana sayen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aikawa Kantin Kwari, kuma duk Bahaushen da ke garin ya san ba a kai shi iya ciniki. Suka sa manyan riguna, suka ɗauki goron da Malam Datti ke ɓoyo a firji, suka tafi. Sun gaishe da Madam Teoh, sun tambayi iyalinta da gajiyarta, sun ajiye mata goro a kan tebur, sannan Malam Datti ya taya dubu biyu. Ta nuna masa takardar da aka manna a bango, ta ce farashi ɗaya ne, kuma wata mai zuwa zai ƙaru, domin tun bayan korona kowa ya koma golf, filayen kuma ana ta sayar da su ana gina benaye. Malam Datti ya yi murmushi, ya raɗa wa Badamasi cewa duk haka suke faɗa. Ya ce su tashi su tafi a hankali, kada su waiwaya, kafin su kai ƙofa za ta kira su.

Suka fita a hankali. Suka wuce ƙofa a hankali. Suka ratsa wurin ajiye motoci kamar masu ciwon ƙafa, har suka kai titi. Ba wanda ya kira su. Malam Datti ya ce matar ta iya, amma a ba ta sati uku ta ji zafin rashin ciniki.

Da suka koma, dubu shida da ɗari biyar. Malam Datti ya taya dubu uku, suka sake tafiya a hankali. Karo na uku har ya ƙara dabara, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmi na kusan minti biyar don ya ba ta dama. Mai gadi ne kawai ya zo ya tambaye shi ko ba shi da lafiya. A karo na huɗu kuɗin ya kai dubu takwas da ɗari biyar, Malam Datti kuwa ya ce wannan alama ce ta kusa karaya.

Ni ce na karaya. A watan Agusta kwasar adashinmu na matan unguwa ta zo kaina. Na haɗa da kuɗin tsarabar, na hau jirgin ƙasa ni kaɗai, na ajiye wa Madam Teoh kuɗinta ban ce uffan ba. Ta ba ni kati mai hoton Badamasi, ta kuma mayar mini da goron a cikin leda, ya bushe ƙamas. A hanyar dawowa na yi kuka, ba don kuɗin kaɗai ba, har da takaicin ban taya ba.

Ranar Asabar Badamasi ya tafi. Aka dawo da shi daga ƙofa saboda babbar riga, sai da ya sayi riga mai kwala da wata hula kamar ta direban tasi. Ya shiga, ya zaga filin tun safe har azahar. Ya dawo yana ba ni labarin ciyawar, wai tunda yake bai taɓa ganin asara irin wannan ba, fili ya isa shanu dubu amma ko akuya babu. Na ce Farfesa fa? Ya ce bai gan shi ba.

A Asabar ta uku ya gan shi, amma ba a ciki ba. A shagon mamak, wato na masu shayi, da ke tsallaken titi ya same shi, yana shan shayi yana leƙen filin ta saman katanga. Ashe ƙarin kuɗin da ya ci mu shi ma ya ci shi. Tun watan Yuli ya kasa sabunta katinsa, kunya kuma ta hana shi gaya wa sakatariyarsa, sai ya riƙa fitowa kamar kullum yana zama a can. Da ya ji Badamasi mamba ne, idonsa ya kawo ruwa, domin dokar kulob ta yarda mamba ya shiga da baƙo ɗaya.

Na ɗauka an gama. Ina! Asabar tara Badamasi yana shiga da Farfesa, takardar tana cikin jakar sandunan golf, yana dawowa da ita yadda ya tafi da ita. Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba Maman Zuhra," ya ce. "Baƙona ne fa. Ta yaya zan shigo da mutum, in saya masa abinci, sannan in zaro takarda? Ai sai ya ga kamar don ita na yi."

Na ce to don me ka yi? Sai ya tashi ya shiga wanka.

Ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba na ce ni ce baƙuwar yau. Madam Teoh ta gane ni, ta bar mu mu uku muka shiga, ina jin tausayina ta ji. Na zauna a rumfar shan shayi ina kallon su. Farfesa yana buga ƙwallo, mijina yana biye da shi riƙe da lema, lokaci-lokaci ya tsuguna ya tsinki ciyawa ya shinshina. Da suka dawo hutawa na buɗe jakar da kaina, na ajiye takardar a gaban Farfesa. Badamasi ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Farfesa ya yi fara'a, ya ce ya daɗe da karanta aikin, ba shi da aibi ko kaɗan. Ya zaro biro daga aljihu. Har ya ɗora bakin biron a kan layin, sai ya tsaya, ya tambayi Badamasi yaushe katin zai ƙare. Aka ce masa Agusta mai zuwa. Ya sake tambaya, in an sa hannu yaushe za mu tafi. Na ce Janairu, in Allah ya yarda. Ya dubi filin ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar wa biron murfinsa.

"Babi na huɗu," ya ce da Turanci, a hankali. "Akwai ɗan abin da ya kamata mu sake dubawa. Ba gaggawa."

Badamasi har ya fara cewa to. Ni kuwa na miƙa hannu na zare katin da ke rataye a wuyan mijina, na jefa a jakata, na ɗauki takardar. Na gode wa Farfesa da ladabi, na ce ba komai, Allah bai yi ba. Na ce tunda karatu ya ƙi, katin ma ba shi da amfani, yau ɗin nan zan mayar wa Madam Teoh ta soke shi, mu koma gida haka nan. Na juya na kama hanya.

A hankali na tafi, yadda Malam Datti ya koyar. Ban waiwaya ba. Na san in bai kira ba, ba ni da wata dabarar, kuma na san sau huɗu aka yi wannan tafiyar a wurin nan ba a kira kowa ba. Na wuce rumfar. Na wuce inda ake jera ƙananan motocin fili. Na hango ƙofar ofis, na fara tunanin abin da zan ce wa Hajiya. Na tsaya na gyara takalmi.

"Puan! Puan, tunggu!"

Farfesa ne, yana kirana da Malayanci in dakata. Da gudu ya zo, dattijo da furfurarsa, biro a hannu ba murfi, Badamasi yana biye da shi. A bayan Badamasi ya ɗora takardar ya sa hannu, bisa sharaɗin za a ci gaba da shiga da shi har ranar da za mu hau jirgi. Na ce Asabar kawai. Ya ce da Laraba. Na ce albarka, na sake juyawa, ya ce to Asabar ɗin, boleh, ya yarda.

Kwana biyu Badamasi bai yi mini magana ba, wai na kunyata masa baƙo. Malam Datti kuwa ya bi gidajen Hausawa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ai dama ya faɗa, dabarar ba ta taɓa faɗuwa, haƙuri ne mutane ba su da shi.

Ban kula su ba. Da yammar ranar na kira Hajiya. Ta gaishe ni, ta tambayi Zuhra, ta tambayi ruwan sama. Sai na lura yau ba ta yi tambayar tata ba, kuma da na tuna, ta fi wata biyu da daina yi. Na ce, "Hajiya, ba ki tambaye ni yaushe ba."

Ta ce ai ta bari ne don kada ta riƙa sa ni faɗin abin da ba haka ba.

Na ce, "To tambaye ni."