Amshin Waƙar Kwata

Duk wanda ya san 'Yardada a Gwammaja ya san bakinta ba shi da linzami. Zabiya ce, tun tana budurwa take waƙar amada a gidajen biki, Ma'u ƙanwarta na bayanta a cikin 'yan amshi. A wunin biki kuwa, inda babu namiji, mata kan faɗi abin da suka ga dama. A caccaki miji marowaci, a caccaki mai tauye mudu, a rangaɗa guɗa a watse, magana ta mutu a tsakar gida. Haka aka gada. To, sai wayar zamani ta shigo, ita kuma ba ta san rufin asiri ba.

Da damina, a bikin wata 'yar maƙwabta, 'Yardada ta jefa baiti a kan Alhaji Abdulmuttalib, ɗan siyasar da ya yi alkawarin gyara kwatar unguwa tun kafin zaɓe. Ta ce, "Kwata ta cika ta shigo ɗaki, ga mai babbar riga." 'Yan amshi suka karɓa, "Ya tsallake, ya bar mu ciki." Wata mai shegen rawar kai ta ɗauka a waya ta watsa wa duniya. Kafin a ce haka, masu adaidaita sahu na kunna waƙar tun daga Dala har Ƙofar Mata.

Mutane suka yi ta yi mata barka, ita kuwa ba ta ga abin barka ba. Ta san abin da ya sami Sabo mai barkwanci, wanda ya kwaikwayi tafiyar Alhajin a bidiyo. Da rana tsaka wata mota mai baƙin gilashi ta ɗauke shi a bakin shagon aski, ya yi watanni ba a san inda yake ba. Ya dawo dai, amma yanzu ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake yi. Tun daga nan 'Yardada ba ta jin ƙarar mota a lungunsu ba ta tashi ta leƙa ba.

Ranar da motar ta zo, Mubarak ne ya fito, yaron Alhaji, mutum mai yawan murmushi. Ya durƙusa a soro ya gaishe ta da ladabi.

"Hajiya, ba wata damuwa. Alhaji ya ji waƙa, har ya yi dariya. Bikin 'yarsa Jamila ranar Asabar a Shahuci, ke yake so ki yi wasan. Ki wanke abin da kika ɓata, shi ke nan magana ta wuce."

Ta ce to. Me za ta ce? Ta zauna ta haɗa waƙar yabo, ta tara 'yan amshi ta ja musu kunne. Sabon amshi shi ne "Gatan talakawa," ba ƙari ba ragi. Suka maimaita har muryarsu ta dushe. Abu ɗaya ta manta, wato kiɗan. Masu kiɗan ƙwaryarta hannu ɗaya suka saba da shi, kuma kowace zabiya ta sani, ba da tunani ake amshi ba. Inda kiɗa ya juya, nan baki ke buɗewa da kansa.

Ranar Asabar bayan la'asar gidan Alhaji ya cika maƙil da mata, leshi da turare ko'ina. Mubarak ya tsaya daga ƙofar soro ya ɗaga waya yana ɗauka. Aka kifa ƙwarya a ruwa, kiɗa ya tashi. 'Yardada ta fara, gumi na bin bayanta. Baiti na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, har ta soma samun nutsuwa. Da yabo ya yi daɗi sai ta ɗaga murya ta ce, "Ga uban Jamila, ga mai babbar riga."

Kiɗa ya juya. Daga bayanta wata murya da ta sani tun suna kwana kan tabarma ɗaya ta ce, "Ya tsallake."

Wallahi da a nan ta tsaya da an rufe ta da guɗa. Amma ina. Matan da suka kwana suka tashi da waƙar nan a wayoyinsu suka cafe gaba ɗaya, har da dangin amarya, ana tafi ana dariya: "Ya bar mu ciki." Sai da suka faɗa sannan suka tuna gidan wa suke. Masu kiɗa suka janye hannu.

Mubarak ya ratso cikin mata ko sallama babu. Har yanzu murmushi yake.

"Hajiya, na ga bakinki, ke yabo kike yi. Alhaji ba ya son a zalunci kowa. Amma wata ce ta fara. Wace ce?"

"Ɗana, ai taro ne. Kowa ya faɗa."

"Taro ba ya shiga mota. In ba ki tuna ba, mu je can ki tuna a hankali."

Tsoro ya kama 'Yardada irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi niyyar ta ce a tafi da ita, Allah shi ne shaida, har ta buɗe baki. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Idonta ne kawai ya zame, sau ɗaya, ya sauka a kan Ma'u.

Mubarak ya bi idon da kallo, ya gyaɗa kai.

Ma'u ba ta yi gardama ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta nemo takalmanta a cikin na mutane. Da ta zo wucewa ta gaban 'Yardada sai ta ɗan tsaya, ba ta dube ta ba.

"Yaya, tuwon yara na cikin kula. Ki ce su ci, kada su jira ni."