Sawun Taya a Gonar Gyaɗa

Keken da aka sauke daga bayan motar ba shi da kariya, wato wurin ɗora kaya a baya. Abin da Kallamu ya fara lura da shi ke nan, tun kafin ya kalli tayoyin nan masu kauri kamar cinyar ɗan maraƙi, da baƙin batirin da aka binne a cikin ƙarfen tsakiya. Shekara talatin da ɗaya yana kai kanwa da busasshen kifi kasuwannin Makoda da Bici a kan keke, bai taɓa ganin keken da aka ƙera ba tare da an yi tunanin kaya ba.

Fa'izu, ɗan ƙanwarsa, shi ya kawo baƙin. Yana aiki a wani kamfani a Kano mai shigo da kekunan lantarki na hawan dutse, kuma tun makon jiya yake damun Kallamu da waya.

"Kawu, ra'ayin mahaya na gaske muke nema, mutanen da keke ne sana'arsu. Ga shi kuna da dutse a bayan gari. Ka yi mana hanya."

Kallamu ya yi musu hanya. Shi ya je gaban mai garin Tudun Kanwa ya ce yaran kirki ne, za su gwada kekuna su tafi, ba abin da za su taɓa. Damina ce, gonaki sun rufe ko'ina har bakin gidaje, shi ya sa mai gari ya ɗan yi jim kafin ya ce, "To, tunda kai ne."

Su uku suka zo da kekuna biyu. Bayan Fa'izu akwai Tahira, mai ɗaukar hoto, da wani dogon saurayi Munir, wanda aka ce shi ne gwanin hawa. Munir ya fito daga mota cikin wani wando da ya manne masa a jiki kamar fatar tsiren hanji, har dattawan da ke zaune a gindin tsamiya suka sami abin kallo a wani gefen.

A nan gindin tsamiyar Yahya mai gyaran keke yake aiki, a nan kuma aka tara mahayan garin. Yahya ya tsuguna a gaban keken, ya daɗe yana shafa wurin da injin yake, a tsakanin feda da feda.

"Ina ake buɗe shi?" ya tambaya.

"Ba a buɗewa," in ji Fa'izu. "A rufe yake zuwa daga masana'anta, don kar ruwa ya shiga."

"In ya mutu wa mutum a hanyar Shanono fa?"

"Sai a kawo mana Kano."

"A ɗauke shi a kan me?"

Fa'izu ya yi dariya kamar an ba da labarin raha. Yahya bai yi ba. Ya gwada bakin sukudirebarsa a kan wata ƙusa mai kan tauraro, bai shiga ba, ya mayar da ita aljihu.

Sha'aban, wanda ke yawo da jarkokin man gyaɗa ƙauye-ƙauye, shi ya fara hawa. Ya kewaya masallaci sau ɗaya ya sauko yana tafiya a ware.

"Gudu kam akwai," ya ce. "Amma wanda ya ƙera sirdin nan akwai abin da mutane suka yi masa. Ina zan rataya jarka? Ba ƙararrawa, ba abin tare taɓo, ko ƙafar jingina shi babu. Ga nauyi kamar ɗan jaki. Kuma ku ce sai an yi masa caji, mu da rabonmu da wuta tun bara."

Kallamu ya lura Tahira ta sauke kamara tun daga kalmar "amma". Ba ta sake ɗaga ta ba sai da wani ya taɓa madannin da ke kan hannun keken, 'yar fitila ta kama shuɗi, mutane suka yi murmushi.

"Abin da ya burge ku za ku faɗa," in ji Fa'izu. "Gyare-gyaren mun san da su."

"To me kuka zo tambaya?" in ji Yahya.

Kallamu ya ji irin abin da yake ji in ya buɗe kwandon kifi ya tarar tsutsa ta riga shi. Ya yi niyyar ya ce ya gaji, a bar shi. Amma Fa'izu ya riga ya turo masa keken, yana cewa, "Kawu, kai ne babban baƙo. Dutsen za mu hau."

Hanyar Dutsen Kura ita ce gajeriyar hanyar zuwa Makoda. Shekara tara ke nan, tun da gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, Kallamu bai hau ta a kan sirdi ba. Sauka yake ya tura, yana tsayawa sau uku kafin ya kai sama, matasa suna wuce shi a kan babur suna yi masa sannu. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya yi bismilla, ya taka feda.

Keken ya ɗauke shi kamar wani ne ya sa masa tafin hannu a baya. Ya sake takawa, gwiwar ba ta ce komai ba. Ya wuce ƙiryar da yake hutawa ta farko. Ya wuce ta biyu. Tsakuwa tana tsalle a ƙarƙashin tayoyi, keken bai ko girgiza ba, iska ta cika masa riga. Bai san lokacin da ya fara dariya ba, dariya mai ƙarfi, baki buɗe, irin wadda ya manta yana da ita. Da ya kai sama ko haki ba ya yi. Ya tsaya yana kallon garin a ƙasa, rumbuna da rufin kwano da koren gero har iyakar gani.

Munir ya iso a ɗaya keken, sauran suka biyo a ƙafa. Tahira ta nuna wa Fa'izu fuskar kamara, su biyun suka gyaɗa kai.

Saura ɗaukar gangarowa. Daga ɗaya gefen dutsen hanya tana sauka ta faɗa cikin burtali, inda shanu suka dama taɓo da kashi. A hannun hagun burtalin kuma gonar Malam Abdulƙadir ce, malamin da ke koyar da karatu a zauren da ke jikin gidan Kallamu, wanda sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci tun suna samari. Gyaɗa ce a ciki, ta yi fure ruwan ɗorawa, kunyoyinta a miƙe kamar an ja su da zare. Irin da Malam ya gada wurin mahaifinsa ne, 'yar ƙaramar gyaɗa mai jan ɓawo da ba a samunta a kasuwa yanzu. Malam yake ajiye ta shekara-shekara a cikin tulu da toka.

"Burtalin nan ba zai yi kyau a hoto ba," in ji Tahira. "Amma kalli koren can."

"Gonar mutum ce," in ji Kallamu.

"Sau ɗaya ne, Kawu," in ji Fa'izu. "Ta gefe zai bi. Taya ce fa, ba garma ba."

Kallamu yana riƙe da keken har yanzu. Daɗin hawan bai gama sauka daga jikinsa ba, kuma a ransa yana tunanin ko za su bar shi ya sake hawa kafin su tafi. Ya buɗe baki da niyyar ya ce a'a, sai ya ji kansa yana cewa, "To ta gefe-gefe dai. Kar a taka kunya."

Munir ya ɗaure hular kwano ya gangara. Bai ko kalli gefen ba. Ta tsakiya ya shiga, ya yanke kunyoyin a karkace ɗaya bayan ɗaya, keken yana tsalle a kansu, a ƙarshe ya danne birkin baya ya murɗa, tayar ta watsa jar ƙasa sama haɗe da ganye da fure.

"Ya yi kyau," in ji Tahira. "Amma na makara wajen juyawar. A sake."

"Ya isa," in ji Kallamu.

Kafin ya rufe baki Munir ya riga ya hayo, injin yana masa aikin, ko gumi bai yi ba. Ya sake gangarawa ta sabon wuri, don sawun farko kar ya fito a hoto. Kallamu ya jefar da keken da ke hannunsa ya fara sauka da ƙafa, yana kira, gwiwar tana soka shi a kowane taki. Kafin ya kai ƙasa an yi na uku da na huɗu.

Ya tarar da Munir a tsakiyar gonar, ƙafa ɗaya a kan feda, yana magana da kamara. Yana yaba yadda haƙoran tayar suke kama ƙasa mai laushi, da yadda abin shan gargada na gaba yake haɗiye tudu, yana haɗawa da Turanci. A ƙarƙashin takalminsa wata gyaɗa ce a kwance, saiwarta a sama, 'yan ƙwayoyin da ta fara sakawa farare ƙal kamar haƙoran jariri. Kallamu ya kalli saurayin, ya kalli wandon, ya kalli bakin da ke motsi, ya ji miyau mai ɗaci ya taru masa. Ya juya ya tofar a burtali.

A lokacin ya ga Malam Abdulƙadir. Yana tsaye a ɗaya ƙarshen gonar da fartanya a kafaɗa, ba a san tun yaushe ba. Ya tako a hankali ta cikin kwarin kunya, yana ɗaga ƙafa a kan kowace shuka, har ya iso. Ya bi layukan nan huɗu da ido, daga gindin dutse har bakin burtali.

Fa'izu ya ruga mota ya dawo da wani abu a leda. Ya ɗan rusuna.

"Baba, a yi haƙuri, aiki ne ya kama. Ga 'yar tsaraba daga kamfani."

Riga ce mai gajeren hannu da hular hana-sallah, dukansu da hoton keken a jiki. Malam ya kalli ledar, hannuwansa ba su bar ƙotar fartanya ba. Fa'izu ya daɗe da hannu a miƙe, daga baya ya ajiye ledar a kan kunya, a kan wata shukar da ta tsira.

"Ɗauke," in ji Kallamu.

Fa'izu ya ɗauke. Sannan, kamar wanda bai ga komai ba, ya ce, "Kawu, saura naka ra'ayin. Minti ɗaya kawai. Ka faɗi yadda ka ji a kan dutsen."

Tahira ta ɗaga kamara. Kallamu ya dubi ɗan ƙanwarsa, yaron da ya koya wa keke da hannunsa a wannan burtalin, yana riƙe masa kariya yana gudu a bayansa.

"Ku ɗora kekunanku," ya ce. "Kar la'asar ta same ku a garin nan."

"Kawu…"

"Kuma in ka tashi zuwa gaishe ni, ka zo kai kaɗai, a motar haya."

Suka tura kekunan zuwa mota. Suna wucewa ya ji Tahira tana ce wa Fa'izu a hankali, "Bar shi. Muna da dariyarsa ta kan dutse, ta fi duk abin da zai faɗa."

Ƙarar motar ta yi nisa. Kallamu ya cire rigarsa ta sama ya rataye a kan itacen kargo, ya durƙusa a bakin layin farko. Gwiwar ta yi ƙara. Ya fara tattaro ƙasa da tafin hannu yana mayar da kunya, yana tsayar da duk shukar da saiwarta ba ta tsinke ba, yana danna gindinta. Waɗanda suka tsinke yana tara su gefe. Malam Abdulƙadir ya ajiye fartanya ya kama layi na biyu.

"Malam," in ji Kallamu, bai ɗago ba, "ni na ce su bi ta gefe. Da na ce a'a tun a sama, da ba su shiga ba."

"Na ji ka," in ji Malam. "Murya tana gangarowa daga dutsen nan."

Kallamu ya ci gaba da danna ƙasa. Tarin da ke gefensa ya fi abin da ya tsayar yawa.

"Waɗannan za su kama?" ya tambaya.

"In an yi ruwa yau ko gobe, wasu za su kama. Iri dai ba zai ɓace ba, in Allah ya so. Wadda za a ci ce ba za a samu ba."

Suka kai tsakiyar gonar, inda birkin ya tone rami. A nan ba abin da za a tsayar. Malam ya zauna a kan dugadugansa, ya share goshi da bayan hannu, ya ɗaga kai yana kallon hanyar da ta hau dutsen. Shi ma shekarunsa sun ja, shi ma tura nasa keken yake yi duk ranar kasuwa.

"Kallamu."

"Na'am, Malam."

"Ina fitowa daga gari na hango ka kana hawa. Ba ka sauka ba ko sau ɗaya." Ya juyo ya dube shi. "Da daɗi?"

Kallamu ya so ya ce tarkace ne. Kalmar tana bakinsa, kuma ya san duk garin za su taya shi faɗinta yau a gindin tsamiya. Ya kalli ƙasar da ke cikin faratansa.

"Da daɗi, Malam," ya ce.

Malam Abdulƙadir ya gyaɗa kai a hankali, kamar an tabbatar masa da labarin rasuwar da ya riga ya ji. Ya matsa gaba, ya kama shuka ta gaba.