Sarƙar Dogo

Sarƙar ta tsinke ranar Alhamis da hantsi, a kan hawan da ke bayan makarantar firamare, saura kwana biyu a yi tseren tsofaffi. Baba ya shigo gida yana tura keken da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da sarƙar tana reto, baƙin mai ya ɓata masa riga har wuya. Kuma dariya yake yi.

"Auta, zo ki gani!" ya ƙwala wa ƙaramar 'yarsa kira, wadda ta biyo ta gida a motarta ta gaishe su. "Ina da shekara sittin da takwas, amma ina tsinka ƙarfe da ƙafa. Wallahi Dogo ya shiga uku!"

Dogo shi ne ciwon da Baba ya ƙi warkewa daga gare shi. A samartakarsu sun yi tseren keke sau goma sha ɗaya, duka Dogo ne ya zo na ɗaya Baba na shaƙar ƙurarsa, har abokai suka laƙaba masa Na-Biyu, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Da aka ce za a tara tsofaffin 'yan tsere ranar Asabar, kowa a kan kekensa na da, Baba ya ga sunan Dogo a takarda, sai ya koma yaro. Wata uku ke nan kullum da sassafe yana kan sirdi, ya rame, ya yi baƙi, farin ciki kuwa har ya yi masa yawa.

Auta ba ta tsaya wata-wata ba. Ta cusa keken a bayan mota, suka biya ta babban kanti, ta ce a ba ta sarƙar da ta fi kowace tsada. Aka miƙo wata fara sol, tana walƙiya a cikin kwali. Baba ya rungume kwalin har suka isa rumfar mai gyaran keke.

Mai gyara ya buɗe, ya juya ta a tafin hannunsa, ya yi murmushin mugunta.

"Hajiya, kin saya wa tsoho takalmin jariri. Wannan ta kekunan zamani ce, masu giya goma sha ɗaya, shi ya sa ta yi siriri. Na Baba giya biyar ne, haƙoransa masu kauri. Ba za ta zauna ba."

"To ina mai kaurin?" in ji Baba, yana ta sauya ƙafa.

Akwai ta, sabuwa fil, a rataye jikin ƙusa. Mai gyara ya shimfiɗa ta kusa da tsohuwar, ya ƙirga gaɓoɓi, ya yanke rarar, ya ɗaura. Ya ɗaga tayar baya ya juya feda da hannu, sarƙar ta bi haƙora lafiya lau. Kafin ya ce komai Baba ya naɗe ƙafar wando ya haye.

Ya tafi sumul har bakin kwana. Da ya juyo ya miƙe tsaye a kan feda, ya danna da ƙarfinsa na tsere, sai ƙas! Ƙafarsa ta zame. Ya sake dannawa, ƙas, ƙas! Ya dawo rumfar yana huci.

"Abin da na ji tsoro ke nan," mai gyara ya ce, ya durƙusa yana nuna faifan haƙoran baya da sifana. "Dubi nan. Tsohuwar sarƙa ta miƙe a hankali, haƙoran suka cinye daidai da ita. Tare suka tsufa. Sabuwa ba ta san hanyarsu ba, da an danna sai ta yi tsalle."

"A sauya haƙoran mana," in ji Auta.

"Irin wannan sai an yi oda, sati biyu in an yi sa'a."

"A ɗinke tsohuwar."

"Gaɓa uku sun tsage. Za ta kayar da shi a tsakiyar mutane." Mai gyara ya share hannu da tsumma. "Sarƙar da ta sha wuya kamar tasa ake nema. Kekuna irin wannan kuwa biyu na sani, rana ɗaya aka sayo su. Mai ɗayan yana da al'adar sayen sarƙa biyu yana sauya su, lallai yana da ta ajiya."

Baba ya zaro ido. "Dogo? In je roƙo wurin Dogo? Gara in yi tseren da ƙafa!"

Bai kai ƙofar mota ba ya fashe da dariya. "Kai, Auta, tsaya. In ci shi da sarƙarsa! Akwai abin da ya fi wannan daɗi? Ja mota, ja!"

Duk hanya yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa masa, yana gwadawa a kan Auta, tana dariya har da hawaye. Ko sallamar da ya yi a ƙofar falon Dogo ta fi kama da kirari.

"Ina zakaran da? Fito, Na-Biyu ya zo karɓar..."

Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Dogo na zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafafu da zane, hannunsa na hagu a dunƙule bisa cinya, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Kekensa na rataye a bango, an goge shi tas.

"Sannu, Kawu," Auta ta ce a hankali, ta durƙusa.

"Sati uku ke nan," in ji Dogo, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Ɓarin jiki ne. Ni na hana a gaya maka. Ana ba ni labarin yadda kake hawan bayan makaranta, na ce a ƙyale shi, da ya ji zai jingine keken."

Baba ya nemi wuri ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Auta ce ta yi bayanin sarƙar, a taƙaice, tana jin kunyar abin da ya kawo su.

"Ta ajiyar ta yi tsatsa tun bara," Dogo ya ce. Ya ɗaga hannun dama ya nuna bango. "Sauko da shi ka cire ta jikinsa. Kayan aiki na cikin gwangwani a ƙarƙashin tebur."

"Haba, Dogo," in ji Baba. "Kai nake so in wuce. In babu kai, wa zan wuce?"

"Wannan kuma damuwarka ce." Rabin fuskar Dogo ya yi murmushi. "Ni dai sarƙata ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Kada ka kunyata ta."

Baba ya tashi ya sauko da keken, ya kifa shi a tsakiyar falo, ya durƙusa ya juya musu baya. Cire sarƙa aikin minti biyu ne, ya yi shi ya fi sau ɗari a rayuwarsa. Minti goma suka wuce yana nan durƙushe, daga Auta har Dogo babu wanda ya ce masa ya yi sauri.