Toka da Karan Dawa

"To da mi zan yi miyar kuɓewa? Ka ce mani!" Yaya Hussaina ta ɗaga tulun, ta kife shi. Ko ɗigo bai fito ba. "Ruwan tokar da na tara tun kaka, ka zuba wa kara?"

"Na Goje ne," na ce.

"Goje ne zai ci tuwo yau?"

Goje sanmu ne na huɗa. Shi ya noma gonarmu ta hanyar Kusada tun ina firamare. Yanzu haƙoransa sun cinye, ga rani ya yi tsanani. In an zuba masa kara, sai ya lasa ya kau da kai. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Baba ya ce gara a kai shi ga mahauta tun yana tsaye da ƙafarsa.

Abu ɗaya na riƙe daga ajin kimiyya. Malaminmu ya ce cikin kara akwai abinci, amma wani abu mai tauri da ake kira liginin ya ɗaure shi gam, kamar siminti da bulo. Cikin dabba ba ya iya raba su. Ruwa mai kaifi irin na toka yana sassauta ɗaurin. Shi ya sa na daddatse kara da adda, na jiƙa a rabin duro, na rufe da buhu.

"Boko dai," in ji Yaya Hussaina da na yi mata wannan bayani. Amma da yamma na tarar ta ajiye mani tokar murhu a ƙwarya.

Da karan ya jiƙu, na ɗauraye shi, na yayyafa dusa. Ya yi laushi, yana murjewa a hannu. Goje ya shinshina ya daɗe. Sannan ya ɗauka. Yana tauna a hankali, yawu na zuba.

Baba ya fito da sandarsa ya tsaya. Ya ɗora hannu a wuyan san, daidai inda karkiya ta cinye gashi.

"Tsoho," ya ce masa, "ashe kana so."

Sai aka yi sallama a zaure. Ɗanmaliki mahauci ne, igiya a kafaɗa. Ashe Baba ya riga ya aika masa.

"Malam Ummaru, mota na jira a titi," ya ce wa Baba da ya shigo. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi Goje da bai ɗago kai daga duro ba. "In kwance shi ne?"