Saifa

A daminar 1994, lokacin hutun bakansi, Samira ta sami gurbi cikin ɗalibai uku da Likita Irmiya ya ɗauka su yi bincike a ƙarƙashinsa. Tana shekara ta uku a makarantar koyon likitancin dabbobi. Aikinta shi ne bin gidajen ƙauyen Jiratawa tana duba tsutsar ciki a jajayen awaki.

Ran Laraba an shiga kwana na biyu na yajin aikin gama-gari. Labo, ɗakin gwaje-gwajensu, a rufe, motar aiki a ajiye. Irmiya ya kawo ta a moto, wato babur, daga Maraɗi, ya sauke ta gidan wani manomi mai suna Sha'ibu, ya ce zai kai wani ɗalibin Tibiri ya dawo kafin azahar.

A bayan garke ta iske akuya kwance, ciki a kumbure.

"Da asuba tana tuƙa, da hantsi ta faɗi," in ji Sha'ibu. "Saifa ce, ɗiyata. Mu irin wagga ba mu taɓa ta."

Samira ta ɗauka don mushe ce, ba a kai ga yankawa ba. Saifa kuwa ta san ta: tana gefen hagu, manne da tumbi. Tunda tsoho ya ce ciwon a can yake, sai a buɗe a gani. Da Sha'ibu ya tafi neman shebur, ta sa safar hannunta ɗaya da ta rage, ta zaro wuƙa.

Jinin da ya fito baƙi ne, ya ƙi daskarewa. Saifar ta ninka girmanta sau uku, tana narkewa a hannu. A nan ta lura da jini a hancin akuyar da ƙarƙashin wutsiya, abin da ya kamata ta fara dubawa. Ta san cutar nan da sunanta na Faransanci, sharbon. Ta ci jarrabawa a kanta. Layin farko na darasin ya ce kada a buɗe gawar.

Ta dubi hannunta na hagu, marar safa. Wuƙar ta ɗan tsaga babban yatsa, tsagar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, baƙin jinin ya rufe ta.

Ta wanke da ruwan buta, ta wanke da sabulu, ta juye sauran alkol ɗin wanke rauni da ke jakarta. Ta sake wankewa. Ta zauna kan turmi ta riƙe hannun nesa da jikinta.

Haka Irmiya ya same ta. Ya dubi akuyar daga nesa, ya dubi yatsan.

"Mi ya ce miki?"

"Ya ce saifa ce."

"To ai ya faɗa miki sunan cutar."

"Na zaci wurin yake nufi."

"Ni ma ban koya miki ba," in ji shi. "Sati uku muna tare, da Faransanci nike ta yi miki surutu."

Sha'ibu ya tsaya da shebur a hannu. "Lokotoro, ƙanena Idirisa wagga ta kashe shi. Fata kawai ya feɗe."

"Baba, bar wannan labari yanzu," in ji Irmiya. "A kawo itace da kananzir, a kore awaki daga nan."

Samira ta riga ta ji.

Suka bar Sha'ibu da maƙwabtansa suna haƙa rami, suka kama hanyar Maraɗi. A bakin gari masu zanga-zanga sun tare titi da tayoyi, sai da suka zaga ta lungunan Sabon Gari. Farmasi biyu a kulle. Tana bayan moto tana jin yatsan yana bugawa, ta kasa gane ko cuta ce ko tsoro. A unguwar Zariya suka sami Madam Saloma, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar cocin su Irmiya, tana da penisilin a gida.

"Ke ce likitar?" in ji Saloma tana jan ruwan allura. "Juya, likita. Safe da yamma, kwana goma, ko ana harbi a titi ki zo."

Irmiya ya zaro biro ya zagaye tsagar da da'ira.

"In kumburi ya ƙetare wannan, ko kin ji zazzaɓi, asibiti za mu, ko da yaji ko babu."

A gida ta ce wa uwarta wuƙa ce ta yanke ta, ta daina sa hannu a kwano ɗaya da kowa. Kwana biyu ba abin da ya faru. Ran Asabar wani ƙurji ya fito yana ƙaiƙayi. Lahadi tsakiyarsa ta yi baƙi. Ta danna shi, ba zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin nan shi ne alamar da littafi ya ambata. Kowace awa tana kai yatsan bakin taga tana auna shi da layin biro. In wanka ya goge layin, ta sake zana shi daidai inda yake.

Ran Talata kumburin ya kai layin. Ran Laraba yana nan a kai. Ran Alhamis Saloma ta juya yatsan a haske, ta ce ya fara ja da baya.

Irmiya yana tsaye a ƙofa, ya miƙo mata kayenta, littafin rubutun aikinta, da ta manta a Jiratawa.

"Ki rubuta shi cikin rahoto, da kwanan wata da girman ƙurjin. Akuya ɗaya, mutum ɗaya."

"Da sunana?"

"Da sunanki, da nawa a ƙasa."