Yatsa Huɗu Daga Ƙotar Bindiga

Zomaye ne suka kai ni kantin bindiga. Tun da Abba ya rasu suka gane lambun Umma ba shi da mai tsaro. Mun kewaye shi da waya, suka haƙa ta ƙarƙashi. Mun ɗana tarko, muka kama kyanwar maƙwabta. Latas da karas ɗinmu sau biyu suna ƙarewa a cikinsu, kuma da lambun nan muke ci. Bindigar Abba an mayar wa hukuma bayan rasuwarsa. Umma hannunta rawa yake yi, saboda haka ni ce na zauna jarrabawar lasisi, na kuma ci. Jarrabawa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Mutane ne ke ba ni tsoro.

Kawu, yayan Umma, shi ya ce zai kai ni in zaɓa. Shi an ƙwace nasa lasisin bara, bayan ya harbe karen maƙwabcinsa ya ce ya ɗauka dila ne. Kawu ba ya roƙo, aro yake yi. Tsanin Abba aro ne, injin ban ruwa aro ne, keken ma aro ne, duk suna gidansa suna hutawa shekara biyu ke nan.

Da na shiga motarsa na hango tsohuwar jakar bindigarsa a kujerar baya, doguwa, an wanke ta tas. Babu bindiga a cikinta. Na ƙanƙame littafin farautar da na aro a laburare.

"Farfesa, da littafin za ki harbi zomon?" in ji Kawu. "Idan mun shiga, ki ja bakinki. Ni zan yi magana."

"To, Kawu."

Kantin ɗan tsukuku ne, yana warin mai da garin katako. Bindigogi na jere a bayan raga, an zura musu sarƙa ɗaya. A saman kanta akwai busasshiyar fakara mai ido ɗaya, ƙura ta rufe ta. Mai kantin tsoho ne, kunnensa guda ya mutu saboda harbi, shi ya sa ko gaisuwa sai ya yi ta kamar faɗa. Mun same shi a teburin aiki yana goga wani ƙarfe da magagari. Ya dubi Kawu ya ɗaure fuska.

"Kai kuma? Karnukan unguwar ba su ƙare ba ne?"

"Ba ni ba ne, tsoho. 'Yar ƙanwata ce."

Tsohon ya karɓi lasisina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duba hoton.

"Me za ki harba?"

"Zomo," na ce. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Me?"

"Zomo! A littafin nan an ce ƙaramar..."

"Rufe min littafin nan. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin kafaɗarki ba."

Kawu ya yi dariya har da buga kanta. "Na gaya mata. Sauko mana da waccan mai baki biyun, lamba goma sha biyu."

Tsohon ya kwance sarƙa ya sauko da ita. Kafin in miƙa hannu Kawu ya riga ni. Ya buɗe ta daga tsakiya ya leƙa ciki, ya rufe, ya kai ta kafaɗa, ya bi wani tsuntsun da babu shi daga wannan bango zuwa wancan. Fuskarsa ta yi haske kamar ta ango.

"Daidai," ya ce. "Wallahi daidai."

"Daidai da wa?" in ji tsohon. Ya fizge ta ya ɗora min. "Riƙe. Ba jariri ba ne, riƙe da kyau!"

Nauyinta ya ja ni gaba, bakinta ya sunkuya yana kallon takalmina. Tsohon ya kama hannuna na dama ya lanƙwasa, ya kafa gindin ƙotar a cikin gwiwar hannun, ya ce in miƙa yatsa in taɓa kunamar bindigar. Na miƙa har jijiyata ta yi ƙara. Yatsana ko kusa bai kai ba.

"Haka nake auna kowa," ya ce. "In yatsa bai kai ba, sai na yanke ƙota. Bindiga ba ta fita daga kantin nan sai ta yi wa mai ita daidai."

"Kada ka yanke komai," Kawu ya ce da sauri. "Yarinya ce, za ta girma."

Shekarata goma sha tara. Tun ina sha huɗu ban ƙara ko kaurin takarda ba, alamar tana nan a jikin ƙofar kicin.

Tsohon ya ja tsaki, ya sauko da wata siririya mai baki ɗaya. Wannan na iya ɗaga ta, bakinta ya tsaya inda na sa shi. Ya sake auna ni. Ita ma yatsana bai kai ba, sai dai saura kaɗan. Ya jera yatsunsa huɗu a kan ƙotar, ya zana layi da alli.

"Wannan ta wasan yara ce," in ji Kawu. "Amma to, a bar ta haka da tsawonta. Ko ta wasan ce, wani zai iya amfana."

"Wane wani?" tsohon ya tambaya.

Kawu ya juyo kaina, ya rage murya. "Ke, saurara. Harbi ɗaya za ki yi ki jefar da ita kina kuka, na san ki. Ni zan riƙa zuwa ina kashe muku zomayen. A wurina za ta zauna, ai duk gida ne."

Haka ya faɗa ranar da ya ɗauki injin ban ruwa. Har yau da bokiti muke shayar da lambu.

"Sunan wa ke jikin takardar nan?" Tsohon ya daki lasisin da yatsa. "Ni da mai suna nake magana. Ke, ina da aiki. In yanke ko in mayar?"

Tabarau ɗina ya zamo saboda gumi. Na tura shi sama. Akwai abin da littafin ya faɗa wanda na karanta sau uku: dogon mutum in ya harba gajeruwar ƙota, babban yatsansa ne zai daki hancinsa. Na kalli hannuwan Kawu, dogaye har kusan gwiwa.

"A yanke."

"Me?"

"A yanke, Baba! A kan layin."

"Ki sake faɗa in ji," in ji Kawu. "Ni kike wa wannan? Ni da na ɗauki uwarki a kafaɗa?"

Ban iya kallonsa ba. Fakarar nan mai ido ɗaya na zuba wa ido. Tsohon ya naɗe ƙotar da tsumma, ya matse ta a teburin aiki, ya ɗauko zarto. Kawu yana ta magana, marar kunya, marar tarbiyya, boko ya cinye mata kai, amma ƙarar zarton ta fi muryarsa. Guntun katakon ya faɗo ƙasa ya gangara har gaban takalminsa. Ya shure shi ya fita, ya buga ƙofa har sarƙar bindigogin ta yi ƙara. Muka ji motarsa ta tashi.

Tsohon ya goge bakin yankan, ya ɗaura masa roba da kusoshi biyu, ya sake kafa min ita a gwiwar hannu. Gaɓar yatsana ta kwanta a kan kunama.

"Kada ki yi min murmushi, ba ki iya komai ba tukuna," ya ce. "Asabar ki zo filin harbi da safe in ga ko za ki sami gwangwani. Kuma ki bar littafin nan a gida."

Ya zura bindigar a jakar yadi, ya kulle, ya miƙo min. Na sunkuya na ɗauki guntun katakon na sa a aljihu.

Da ƙafa na koma gida, tafiyar awa guda. Na tarar da Umma a bakin lambu da bokiti a hannu, idonta ya yi ja. Kawu ya riga ya kira ta.

"Ya ce ba zai ƙara taka gidan nan ba," ta ce. "Ya ce na haifi abin da zai kashe ni. Me kika yi masa?"

Na ciro guntun katakon na ba ta. Ta juya shi, ta shafa wurin zarton. Sai ta sunkuya ta tokare ƙofar lambun da shi, wadda iska ke ta bugawa tun da Kawu ya ari sakatarta.

"Shiga ki ci abinci," ta ce. "Da yamma suke fitowa ta wajen karas."